Kifin Da Ambaliya Ta Bari A Bayan Gari: Yadda Za A Ci Moriyarsa Ba Tare Da An Yi Ɓarna Ba

A bayan garinmu, can yankin Haɗejiya, akwai wani kududdufi da ake haƙar ƙasar gini a cikinsa. Tun tasowata ban san shi da komai ba sai kwaɗi. A kakar 2022, da ruwan ambaliya ya fara janyewa daga gonaki, sai ga yara suna shigowa gida da tarwaɗa kamar damtsen mutum, an soke ta a tsinken kaba. Kwana biyu bayan haka wani ya fito da bargi. Bargi a kududdufin ƙasar gini! Kafin mako ya zagayo an tashi gari guda an faɗa ruwan da gidan sauro da kwanduna, aka kwashe manya da ƙanana har da 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Abin da aka ci aka ci, saura ya ruɓe a bakin ruwa saboda babu wanda ya tanadi itacen banda. Wani tafkin da ke gabas da gari kuma aka ƙyale shi wai kifin ya girma, da Janairu ta kama ruwan ya ƙafe, balbela da karnuka suka yi biki.

Asarar nan biyu har yau tana damuna, domin mutanen da suka yi ta su ne waɗanda ruwa ya cinye wa shinkafa da gero a shekarar. Kifin nan shi ne ɗan abin da ambaliya ta biya su da shi. Shi ya sa na zauna na tsara wannan jagora.

Abin da ke kawo kifi inda ba a san shi ba

Kifin kogunanmu da hawan ruwa yake aure. Da zarar kogi ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa da ramboshi da kawara da bargi sukan bar tsakiyar kogi su bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawa, su zuba ƙwai a inda abinci ya yawaita kuma manyan kifaye masu farauta ba su cika kaiwa ba. Wannan al'ada ce ta kowace damina. A shekarar da ruwa ya wuce misali, kamar 2012 da 2022 a kogunan Kwara da Binuwai da Haɗejiya, ko Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, ruwan yakan haɗe tafkuna da ƙoramu da ramukan da suka shekara da shekaru ba su ga juna ba. Sai kifi ya bi. A ƙasar Haɗejiya da Nguru akwai ƙarin dalili: tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe tsofaffin hanyoyi, don haka ruwa kan fasa sabuwar hanya ta inda ba a zata ba.

Hanya ta biyu ita ce ramukan masu kiwon kifi. In ruwa ya haye bakin rami, dubban kifin kiwo kan fice lokaci guda.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe kafin mu shiga matakai: wannan kifi baƙo ne mai wa'adi, kuma zurfin ruwan da ya sauka a ciki shi ke yanke wa'adin. Duk shawarar da za a yanke, daga nan take tasowa.

Mataki na farko: a dakata, a duba ruwan

Kada a bar kowa ya shiga ruwa a makon farko. Ba kifi kaɗai ambaliya ke kawowa ba. Kada da macizai ma sukan bi ruwa, kuma mutanen Maiduguri sun ga haka a 2024 da ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. A zagaya bakin ruwan da sassafe a duba sawu a kan taɓo.

Sannan a tambayi kai: ta ina ruwan nan ya biyo? In ya ratso ta shaddodin gari, ko juji, ko maƙabarta, ko shagon maganin feshi da taki, ko gidan mai, ko wurin jima da rini, to a yi hattara. Ruwan da ya bi ta masai yana iya ɗauke da kwalara. Kifinsa in an wanke shi da ruwa mai tsabta an dafa shi ya nuna sarai ana iya ci, amma hannun da ya feɗe shi da wuƙar da faifan duk sai an wanke da sabulu. Ruwan da ya bi ta wurin guba kuwa, ko mai yana yawo a samansa, ko yana warin magani, wuta ba ta gyara kifinsa. A haƙura da shi.

Kifin da aka tarar ya mutu da kansa yana yawo a sama, ba a ci, ba a ba kaji. A haƙa rami a binne. Haka nan wanda ke da jan gyambo a jiki, fata ta zagwanye har tsoka ta bayyana. Akwai wata cutar gyambon kifi da aka fara tabbatarwa a Afirka a yankin kogin Zambezi a 2007, kuma ruwan ambaliya na cikin abin da ke yaɗa ta. Wanda ya ga irin wannan da yawa ya sanar da malamin gona ko ofishin kula da kifi na jiha, kuma kada ya kai komarsa wani ruwa sai ta bushe ƙayau a rana.

Sai tsargiya. Ruwan da ya tsaya ya yi ciyawa gidan dodon koɗi ne, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar, ta fata take shiga. Yaron da ya fara fitsarin jini bayan ya yi wasa a irin wannan ruwa a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Mataki na biyu: a kafa sanda

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi. A samu gora ko sanda doguwa miƙaƙƙiya, a kafa ta a wuri mafi zurfi, a yi mata tsaga daidai inda ruwa ya tsaya. Bayan kwana bakwai a dawo a sake yin tsaga. Tazarar da ke tsakanin tsagogin biyu ita ce abin da rana da ƙasa suke sha a mako.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce zurfin ruwan santimita 80 ne, wato ya kai wa babban mutum cinya zuwa ƙugu, kuma yana raguwa da yatsu huɗu a mako, kimanin santimita 8. Mako goma ke nan ya ƙafe. Amma kifi ba ya jiran ƙafewa kafin ya mutu. Da ruwa ya dawo ƙasa da gwiwa zafi da ƙarancin iska sun fara kashe shi, tsuntsaye kuma sun samu. Don haka ainihin lokacin da ake da shi mako biyar ne ko shida. A tuna kuma shan ruwan yana ƙaruwa in iskar hunturu ta taso, ya ƙara tsananta da bazara. A yankin tafkin Chadi rana kan shanye kusan mita biyu na ruwa a shekara. Ke nan a arewacinmu, ruwan da bai shanye tsayin mutum ba a watan Oktoba da wuya ya ga damina mai zuwa, sai dai in yana da idon ruwa a ƙasa ko ƙorama na ciyar da shi.

Da wannan sanda za a raba ruwayen gari gida biyu: masu ƙafewa da masu shekara. Masu ƙafewa na kamu ne, a kwashe su tas a kan lokaci. Masu shekara jari ne, a taɓa su da lissafi.

Mataki na uku: a san ko wane ne baƙon

A jefa birgi, wato ragar jefawa, sau uku ko huɗu a wurare daban-daban, ko a kwana da gura biyu, wato tarkon kifi, a zube abin da aka samu a kan tabarma a kira wanda ya san kifi. Kowane gari da ke kusa da ruwa ba ya rasa tsohon masunci.

Tarwaɗa da ramboshi suna shaƙar iskar sama, don haka suna jure ruwa mai kauri da wanda ya fara ɗoyi. Tarwaɗa in ruwa ya matse ta takan fito da dare ta ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta nemi wani ruwan. Mai son ya tsare ta sai ya kewaye ɓangaren da ke fuskantar wani tafki da zana ko raga. Bargi ma yana shaƙar iska, kuma in ka ga an share ciyawa an yi da'ira kamar faifai babba a gefen ruwa, sheƙarsa ce. Karfasa tana da saurin haihuwa, uwar takan goyi ƙwai da 'ya'ya a baki, amma in ta yi yawa a ƙaramin ruwa sai ta tsumbure, a yi ta kama ƙanana masu ƙaya. Kawara da tsage da giwan ruwa kifin ruwa mai gudu ne ko mai faɗi. Su ne farkon mutuwa in iska ta yi ƙaranci. Duk safiyar da ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki kafin fitowar rana, ruwan ya gaji, a fara kamu ranar.

Uku kuma a gargaɗi yara a kansu. Minjirya tana da lantarki a jiki, takan girgiza mutum har ya saki abin da ke hannunsa, a cikin ruwa mai zurfi kuwa wannan haɗari ne. Ƙurungu yana da ƙayoyi masu tsini da yake kafewa, sukarsa tana da raɗaɗi kuma takan yi ruwa. A kama shi ta bayan kai, a karya ƙayar kafin a jefa a kwando. Talibambam, mai kumbura ciki, danginsa an san su da dafi, barinsa ya fi.

In kuwa aka ga kifin da tsofaffin masunta suka juya shi suka ce ba su san shi ba, to a ɗauki hotonsa ta gefe a kan farin buhu, a ajiye ashana ko biro kusa da shi don a gane girmansa, a kai wa jami'in kula da kifi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, kusa da tafkin Kainji, irin aikinta ke nan. Kada a mai da shi ruwa, kada kuma a ɗauke shi da rai a kai wani wuri.

Ina nanata wannan ne saboda an ga abin da baƙon kifi ya yi a wasu ƙasashe. Giwan ruwa namu ne, a Kwara da Chadi yana zaune da sauran kifaye tun fil azal. Amma da aka kai shi tafkin Biktoriya a gabashin Afirka a shekarun 1950, ya cinye ƙananan kifayen tafkin har ire-ire masu yawa suka ɓace. A Amurka an shigo da wasu kifaye daga Asiya a shekarun 1970 don tsabtace ramukan kiwo, ambaliya ta fitar da su zuwa kogin Misisifi, yau sun mamaye shi ana kashe maƙudan kuɗi don hana su shiga manyan tafkunan arewa. Tarwaɗarmu ma da aka kai Indiya, sai da gwamnati ta haramta kiwonta saboda cin kifayen ƙasar. Wanda ya ɗebi 'ya'yan giwan ruwa ko na tufi, wanda shi ma kifi yake ci, a bokiti ya zuba a dam ɗin garinsu don yana ganin alheri ne, yana iya ƙarar da karfasar da gari ke ci.

Mataki na huɗu: a zauna da masu ruwa

Ruwa ya kwanta a gonar wani, kifin na wa? Wannan tambaya ta raba zumunci a wurare da yawa. Kafin a jefa koma a je gaban mai unguwa ko dagaci, in akwai sarkin ruwa a sa shi gaba. A yanke ranar su, wato ranar kamun kifin, a yanke rabon mai gona, a yanke wuraren da aka hana. Kakanninmu sun san wannan tsari: a Argungu ba a taɓa ruwan Matan Fada sai an ba da izini, kuma hanin ne ya sa ake samun manyan kifi ranar da aka buɗe. A tuna da zawarawa da tsofaffi da waɗanda gidajensu suka rushe a cikin rabon.

Mataki na biyar: kamu

A ruwa mai ƙafewa, kada a kwashe rana ɗaya. A fara da manya ta hanyar ragar kalli mai faɗin ido, ko mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ko gura, gwargwadon abin da za a iya ci, a sayar, a banda a ranar. Rage manyan yana ba ƙananan sarari da abinci su ƙara girma, yana kuma rage masu cinye su. Kowane mako a sake ɗiba. Sai ruwa ya sauko gwiwa sannan a yi gayya a shiga da taru da koma a kwashe saura.

A ruwa mai shekara kuwa, ido mai faɗi kawai. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da ta kamun wasu 'yan ƙananan kifaye na musamman. Ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Gidan sauro na gado ne. A ruwa yana kwashe har ƙwai, ga maganin da ke jikinsa, ga kuma yaran da aka bari sauro na ci a lokacin da zazzaɓi ya fi yawa. Gamalin da sauran magungunan feshi da wasu ke zubawa a ruwa suna kashe kifi da kwaɗo da duk abin da ke ciki, shanu su sha, mutane su ci. A bar bargi da ke kan sheƙa, a bar karfasar da aka ga bakinta cike da ƙwai, a ware kusurwa ɗaya mai ciyawa da ba mai taɓa ta.

Mataki na shida: wuta ta riga kifi

A tara itace a gyara wurin banda tun kafin ranar su. Kifi a zafinmu sa'o'i kaɗan yake yi ya fara sauyawa. A feɗe shi, a cire hanji da abin shaƙarsa, a wanke da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba da ruwan kududdufin ba. A jiƙa shi a ruwan gishiri kamar rabin sa'a, a shanya a inuwa ya tsane. Tarwaɗa a lanƙwasa ta a soke wutsiya a baki, manyan kifi a yanka gunduwa-gunduwa. A fara da wuta mai ɗan ƙarfi har ya nuna, sannan a rage ta a bar hayaƙi da ɗumi su busar da shi, ana juyawa. Wanda za a ci a kwana biyu ko uku, sa'o'i kaɗan sun isa. Wanda za a ajiye ko a kai kasuwar Haɗejiya ko Yawuri sai ya bushe har in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Kada a hura wutar da leda ko roba ko tsohuwar taya.

Matan Chorkor da ke birnin Akara a Gana suna da murhun banda na laka da ake jera faifan raga a kai, bene-bene, wuta ɗaya ta bandace da yawa. Tun 1969 ake amfani da shi, kuma magini na gari zai iya yin irinsa. Yana rage cin itace ƙwarai.

In ƙwaro ya fara shiga busasshen kifi, a mai da shi kan wuta ko a baza a rana. Kada a kuskura a fesa masa Sniper ko fiya-fiya. Wannan guba ce, cikin 'ya'yan mutane take tafiya.

Mataki na bakwai: ceto ƙananan

A ranar kwashe ruwa mai ƙafewa za a samu 'ya'yan tarwaɗa da karfasa masu yawa. Maimakon a bar su a taɓo, mai rami ko tankin siminti a gida yana iya reno. A ɗebe su da sassafe a jarkar da aka yanke samanta, ruwa rabi, kada a cunkusa. A ajiye su su kaɗai mako biyu ana lura, tare da ɗan gishiri kimanin giram 5 a kowace lita, kada a haɗa su da kifin da ake kiwo tun da. A tace su bisa girma, domin tarwaɗa tana cin ƙanwarta. Ɗaya babba a cikin ɗari ƙanana kan rage su sosai cikin 'yan makonni. Wanda ba shi da wurin reno ya mai da su kogin da ruwan ya fito, shi kaɗai, ba wani ruwa dabam ba.

Ga masu ramin kiwo

Ku abin ya shafe ku ta fuska biyu: naku ya fita, na daji ya shigo. Bayan ruwa ya janye kada ku zuba sababbin 'ya'yan kifi a kan abin da ya rage, ko da ido bai ga komai ba. Tufi guda ko tarwaɗar daji biyu da suka laɓe a taɓo sun isa su cinye kuɗinku. A zuƙe ruwan duka, a kwashe abin da ke ciki, a bar ƙasan ramin ya bushe har ya tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa kimanin giram 200 a kowace murabba'in mita, a jira mako biyu kafin a sake tara ruwa.

Don shekara mai zuwa, ku duba alamar da ruwa ya bari a jikin bango ko bishiya, ku ɗaga bakin ramin ya wuce ta. Ku kewaye shi da raga mai ƙarfi, a binne gindinta a ƙasa, a ɗaure ta a turaku, ku sa raga a bakin bututun fitar ruwa. Hukumar NIHSA, mai lura da ruwan koguna a Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wanda ya ga yankinsa a ciki ya tsara zubinsa yadda zai sayar kafin tsakiyar Agusta. Masu kiwon gaurayen tarwaɗa da ramboshi su fi kowa kiyayewa, saboda irin nan yana da girma da ci, ba a so ya cika ruwan daji.

Bayan ruwa ya ƙafe

Da bazara, in kududdufin ya bushe ya tsage, aikin bai ƙare ba. Gaiwa tana nan a ƙasa. Kafin ruwa ya ƙare takan nutse cikin taɓo ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe kamar leda, ta bar 'yar ƙofa tana shaƙar iska har damina. A duba ƙasa a nemi ɗan rami mai santsin baki, a haƙa a gefensa da fartanya a hankali, kamu ɗaya ko ƙasa da haka za a same ta. A kama ta ta bayan kai, cizonta yana da ƙarfi. In an samu ramuka goma a haƙa shida.

Wannan ne kuma lokacin gyaran wurin. Masu haƙar ƙasar gini su daina bin gefe-gefe, a nuna musu wuri ɗaya a tsakiya su yi ta nutsawa har ya wuce mita biyu, yadda in ruwa ya sake kawo kifi zai samu kwarin da zai taru a ciki ya kai bazara. Mashigar da ruwan ya biyo a kafa mata turaku biyu tun yanzu, hagu da dama, don a san inda za a datse da zana da gura ranar da ruwa ya juya zai koma kogi.